Yadda Darakta Ya Samo wa Sabulun Yaya Suna

Babu kamfanin da ya taɓa naɗa shi darakta. Shi da kansa ya je wajen masu buga takardu ya sa aka yi masa kati ɗari biyar, aka rubuta Darakta da manyan baƙaƙe, aka bar wurin sunan kamfani fili, wai sai ya gama nazarin wanda ya cancance shi. Shekara shida ke nan ana wannan nazari. Mutanen layi suka ga tunda an riga an ɓata tawada, bai kamata sunan ya tafi a banza ba, sai suka liƙa masa. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiransa da shi ba, wato yayarsa, wadda ta goya shi ta share masa majina. Har yau da furfura ta fara leƙowa a gemunsa, Auta take ce masa.

Yaya sabulu take yi da man shafawa, a ɗakin baya na gidanta, tsakanin manyan robobi da muciya da allon yanka. Shekara goma sha biyu tana yi, kuma da shi ta riƙe 'ya'ya uku tun rasuwar mijinta. Sabulun ba shi da suna. Mai so yakan ƙwanƙwasa ƙofa ya ce a ba shi fari ko mai ƙamshin lemun tsami, shi ke nan.

Ana nan sai matar manajan babban kantin da ke bakin titi ta yi wanka da shi, ta dami mijinta. Manaja ya aiko wa Yaya cewa zai ba ta kanta guda, amma da sharaɗi uku: sabulun ya samu suna, a liƙa masa sitika, kuma a kan sitikar a ga adireshin intanet da mai saye zai shiga ya duba. Asabar ta sama za a ba ta tebur a bakin ƙofa da babban allon talabijin, ta nuna kayanta.

Darakta yana gidan lokacin da saƙon ya iso, domin yakan kai wa Yaya ziyara daidai lokacin sauke tukunya, kamar an saita masa agogo.

"Yaya, kwantar da hankalinki," in ji shi yana goge baki. "An zo fagena. Akwai wata manhaja da ake yayi yanzu. Ki gaya mata abin da kike sayarwa, ta zubo miki sunaye kamar ruwan sama, ta kuma duba miki ko wani ya riga ki kama adireshin. Amma ba a afka mata haka kawai. Sai ƙwararre ya tantance ta tukuna."

"Ina za a samu ƙwararren?"

"Ga ni zaune."

Yaya ta ɗaga kai ta dubi fankar da ya gyara mata bara, wadda tun daga ranar take juyawa da baya tana zuƙe 'yar iskar da ke ɗakin.

"Auta, suna kawai nake so, wanda tsohuwa za ta iya faɗa ba ta ciji harshe ba."

"Ki ɗauka an gama."

Da tana da zaɓi da ba ta yarda ba. To sabulu dubu uku ne a gabanta, hannu kuma biyu Allah ya ba ta.

Ofishin Darakta shi ne shagon Mai Aski: kujera biyu, benci ɗaya, madubi mai tsaga a kusurwa, da soket guda da duk layin ke cajin waya a jikinsa. Washegari ya iso da sabon littafin rubutu, ya ja layuka da rula, ya rubuta abubuwan da zai auna manhajar da su: Basira, Sauri, Ladabi, da Sanin Darajar Mai Amfani. Ya gyara zama, ya ɗaga wayar yadda na kan benci za su gani.

Manhajar ta tambaya me ake sayarwa.

"Rubuta mata sabulu mana," in ji Mai Aski.

"Ka ji irin tunanin da ya sa ka shekara ashirin a kan ƙeyar mutane. In ka ce mata sabulu, ai sunan sabulu za ta ba ka."

"Au, ba shi ake nema ba?"

Darakta bai kula shi ba. Ya rubuta yana karantawa da ƙarfi: makamin zamani mai ƙarfin gaske, mai fatattakar ƙazanta daga maɓoyarta, mai kashe ƙwayoyi ba sani ba sabo, ba ya barin ko ɗaya da rai. Ya danna, ya naɗe hannu.

Kafin ƙiftawar ido sunaye suka jeru: Ba-Tsira. Ajalinsu. Ƙare-Dangi. Kisan Mummuƙe.

"Madalla," in ji Mai Aski. "A kawo mini Ƙare-Dangi guda biyu, mai ƙamshin lemun tsami."

"Ni dai ba zan shiga banɗaki da Ajalinsu ba," in ji wani daga benci. "Ina da ƙananan yara."

Darakta ya buɗe littafi ya rubuta uku bisa goma a ƙarƙashin Basira, ya ce manhajar ba ta gama wayewa ba. A zagaye na biyu ya umarce ta ta kawo suna mai ƙamshin ƙasar waje, wanda in an ji shi za a zaci da jirgi aka kawo kayan. Ta kawo Sabulino, Wankaliya, Laushiyana, da Kumfatika.

"Kumfatika," ya maimaita yana lumshe ido. "Kun ji nauyi?"

"Mun ji," in ji Mai Aski. "Ita ce ta kwantar da kawuna wata uku. Likita ya ce a daina ba shi gishiri."

Aka yi ta dariya har wanda ake wa aski ya motsa, aka zabtare masa gefen kai.

Can ƙasan jerin akwai sunaye masu sauƙi irin waɗanda Yaya ta roƙa, su Laushi da Ƙamshi da Sanyin Fata, amma kowanne da jar alama a gefensa. Darakta ya yi wa jama'a bayani cewa kore na nufin adireshin yana nan ba mai shi, ja kuma an riga an kama. Wannan kaɗai ne abin da ya faɗa daidai a makon, shi ma a saman shafin aka rubuta.

"Wane mara kunya ne ya kama Laushi?" ya tambaya.

"Wanda ya riga ka tashi," in ji Mai Aski.

Kwana uku ana haka. Ya ba manhajar maki, ya ƙwace, ya sake ba ta. Ya rage mata biyu a Sanin Darajar Mai Amfani saboda ba ta taɓa kiransa Darakta ba. Yaya ta aiko sau biyu tana tambaya, ya ce a gaya mata bincike ya yi nisa.

A rana ta huɗu ya haƙura ya rubuta sabulun wanka, amma ya manta bai goge bayanin makamin zamani da ke sama ba. Manhajar ta haɗa biyun ta auna, ta fito da suna guda a kan gaba, da koriyar alama tana sheƙi a gefensa: Tastas.

Darakta ya miƙe tsaye.

"Tastas. Ya wanke tas, ya fita tas. Jama'a, ku shaida ranar nan."

Gaskiya sunan ya yi daɗi, har Mai Aski ya gyaɗa kai. A gefen sunan akwai wata 'yar alamar zuciya. Darakta ya danna ta, ta cika da launi, manhajar ta ce an ajiye a jerinka.

"Shi ke nan," in ji shi. "An ajiye. Ya zama namu har jikoki."

A kujera ta biyu akwai Mai Feshi yana jiran layi. Shi ne mai yawo gida-gida da tanki a baya yana feshin ɓera da kyankyaso da kuɗin cizo. Mutum ne mai sanyin magana, wanda sana'a ta koya wa zama shiru har abu ya fito daga rami da ƙafarsa.

"Darakta, ba a biyan wani abu ne?" ya tambaya. "Na ga wani maɓalli a ƙasa an rubuta yi rajista."

"Wannan tarko ne da aka ɗana wa waɗanda ba su san hanya ba."

"To. Sunan dai ya yi mini kyau. Ni ma na daɗe ina neman wanda zan sa wa aikina."

"Ka makara, malam."

"To."

Da Mai Feshi ya yi gardama, da abin ya tsaya nan. Wannan "to" ɗin ce ta tsaya wa Darakta a rai. Ya ji kamar akwai shakka a cikinta, kuma a gaban mutane.

"Ba ka yarda ba ko? Kawo wayarka."

"Na yarda mana."

"Kawo dai."

Ya karɓi wayar, ya buɗe manhajar, ya rubuta sunan da hannunsa, ya danna yi rajista, ya miƙa masa.

"Sa lambar katinka na banki. Yanzu za ka ga yadda za ta watsa maka ƙasa a ido."

"Ka tabbata?"

"Ni nake gaya maka. In ta karɓa, na bar maka shi halak malak, ga shaidu."

Mai Feshi ya zaro kati ya shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Wayar ta yi ɗan tunani, ta yi ƙara mai daɗi, ta rubuta: Barka, wannan adireshi ya zama naka.

Almakashin Mai Aski ya tsaya cak a iska. Na kan benci suka dubi juna.

Darakta ya karanta saƙon sau biyu.

"Haka take yi," in ji shi. "Ba ta son kunyata mutum a bainar jama'a. Nan da kwana biyu za ta dawo maka da kuɗinka, har da ban haƙuri."

Ya buɗe littafi ya rubuta tara bisa goma a ƙarƙashin Ladabi.

Yaya ta ji sunan ta maimaita shi sau uku, ta ce ba laifi, wanda a bakinta yabo ne babba. Darakta ya nuna mata hoton shafin da manhajar ta zana don gwaji, ga sabulunta a jere kan farin tawul, ya ce ai shafin ya riga ya hau. Daga nan ya bazama. Sitika dubu uku, kowacce da sunan da adireshin, da taken da ya ƙirƙiro da kansa: Sau ɗaya ya isa. Ƙyallen talla mai tsawon ƙofar gareji. Riguna ashirin masu rubutu gaba da baya.

Matarsa malamar makaranta ce, ta saba da fuskar yaron da bai yi aikin gida ba. Ranar Laraba da rana tana goge masa kwat, ta leƙa wayar da ya bari a kan tebur.

"Baban yara, ya aka yi na ga alamar ta koma ja?"

"Ja me yake nufi?"

"Ka ce an kama."

"To wa ya kama?"

"Abin da nake tambaya ke nan."

"Ni mana. Da kore ne saboda ba mai shi. Yanzu yana da mai shi, ya zama ja. Wannan ko ɗalibanki za su gane."

"Ina shaidar da aka ba ka?"

Ya nuna mata 'yar zuciyar.

"Zuciya," in ji ta, ta ci gaba da guga. "Ni ma ita ka ba ni shekara goma sha biyar da suka wuce, har yau ban ga kantin da ake karɓarta ba."

Ya ce matsalar mutanen gida ke nan, ba sa ganin girman na kusa da su. Amma da ya fita ya hangi Mai Feshi da tankinsa, sai ya tsallaka titi ya tare shi.

"An dawo maka da kuɗin?"

"Tukuna."

"Aiki ne ya yi musu yawa."

"Haka ne. Amma Darakta, da ka sake dubawa. Ni har na kai wa masu haɗa shafi, sun ce nawa ne. Kada Yaya ta yi asara."

"Za su gaya maka haka mana, tunda ciniki suke nema. Kai dai ka kula da kyankyasonka, ka bar wa masu fasaha fasaha."

"To," in ji Mai Feshi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar da hantsi aka jera sabulu da kwalaben man shafawa a teburin bakin ƙofar kanti, ƙyallen talla a sama, babban allo a gefe. Darakta ya gayyaci layin kaf, don kada wani ya ce labari aka ba shi. Mai Aski ya rufe shago ya zo da wuri ya kama wuri a gaba. Yaya tana bayan tebur tana lakata wa mata man a bayan hannu, suna shinshinawa suna gyaɗa kai. Wata mata mai jaka ja ta ce ita a fuska take gwada kaya, ta shafa a kumatu biyu da goshi.

Manaja ya ɗauki makirufo zai yi gabatarwa ta minti ɗaya. Bai san yadda aka yi ba ya ga makirufon a hannun Darakta.

Darakta ya yi bayanin yadda ya tantance manhajar kwana huɗu ba dare ba rana, yadda ta so ta raina masa hankali ya nuna mata gaba da gabanta, yadda manyan kamfanoni ke ɗaukar ma'aikata hamsin su yi abin da ya yi shi kaɗai a kan benci. Ya ce akwai waɗanda suka yi shakka, har a cikin gidansa, amma ba zai kama suna ba. Matarsa ta gyara tsayuwa ta dubi silin.

"Yanzu, ranka ya daɗe Manaja, a shiga adireshin, duniya ta gani."

Manaja ya ɗauki sabulu guda, ya kwafi adireshin daga sitika, ya danna.

Allon ya yi fari, sannan ya kawo hoto. Wani ƙaton ɓera ne kwance rigingine, ƙafafu huɗu a sama, baki buɗe, kewaye da kyankyasai da suka riga shi tafiya. A sama an rubuta TASTAS da jan launi. A ƙasa: Taɓawa ɗaya, ba sa sake tashi.



Wani dattijo ya dubi allon, ya dubi sabulun da ke hannunsa, ya karanta sitikar a hankali: "Sau ɗaya ya isa." Ya ajiye shi da yatsa biyu, ya goge hannu a rigar na kusa da shi.

Mai jaka ja ta matso gaban tebur, kumatunta na ƙyalli.

"Baiwar Allah," ta ce wa Yaya da muryar da ba ta rawa, "minti nawa yake ɗauka? Ina so in kira 'ya'yana."

"Kutse ne," in ji Darakta. "Maƙiya ne suka yi mana kutse. Manaja, kai ne ka yi kuskuren harafi. Matsa."

Ya ture Manaja ya sake rubuta adireshin da kansa. Ɓeran ya dawo. A garin neman maɓallin gogewa ya taɓa na sauti, sai muryar Mai Feshi ta cika kantin, a sanyaye kamar kullum: "A shafa a inda suke bi. Kafin gari ya waye, an gama."

Nan wuri ya hargitse. Mata suka yi kan famfon da ke gefen ƙofa, wata ta fizge ɗanta da ke wasa da kwalba, wani da shinshinawa kawai ya yi ya fara tari yana dafe ƙirji yana cewa dama ya ji wani ɗaci-ɗaci. Yaya tana ta cewa ku tsaya ku ji, ba mai sauraro.

Darakta ya ga in bai yi wani abu ba, sunansa ne zai zube. Ya haye kan kujera, ya ɗaga sabulu sama.

"Jama'a, ku dube ni. In guba ne, ni zai fara kashewa."

Ya ɓare takardar ya gartsa wa sabulun cizo, ya tauna, ya yi ƙoƙarin murmushi.

Sabulun Yaya ba a banza matar Manaja ta yabe shi ba. Kumfa gare shi kamar me. Darakta ya buɗe baki zai ce kun gani, sai farar kumfa ta fito maimakon magana, ta gangaro kan gemu, ta sauka kan kwat. Idanunsa suka yi ja suka kawo ruwa. Ya yi ƙoƙarin haɗiyewa, ya shaƙe, ya fara kakari yana kaɗa hannu.

"Ya fara aiki," in ji dattijon.

"A kwantar da shi," in ji Mai Aski, wanda ya san sarai sabulu ne. "A kawo madara, da yawa. Ku riƙe ƙafafun."

Ƙarti huɗu suka sauko da shi suka danne a kan tayil. Mai Aski ya toshe masa hanci da ƙwarewar mai sana'a, aka ɗura masa madara kwali biyu. Duk lokacin da ya yunƙura zai yi bayani sai kumfa ta ƙaru, a ce jikin ya tsananta, a ƙaro wani kwalin. Wayoyi kusan talatin suna sama suna ɗauka. Bisa kansa kuma ɓeran yana nan a allo, kwance irin kwanciyarsa.

Yaya ce ta kashe wutar. Ta zare filogin allon, ta ɗauki makirufo daga ƙasa, ta ɗaga hannayenta biyu.

"Ku dubi hannun nan. Shekara goma sha biyu yana cikin sabulun nan safe da yamma. Duk wanda yake layinmu kuma ya taɓa wanka da shi, ya ɗaga hannu."

Hannaye suka tashi, har da na Mai Aski da madara ke ɗiga daga gwiwar hannunsa.

"Akwai wanda ya mutu a cikinku?"

Aka fara dariya.

"Sabulu lafiyarsa ƙalau. Ƙanena ne ba shi da lafiya, kuma ba yau ya fara ba. Ku sake shi."

Mai jaka ja ta taɓa kumatunta, ta ce gaskiya dai sun yi laushi, ta sayi kwalba biyu bisa sharaɗin a ɓare sitikar a gabanta.

Manaja ya ja Yaya gefe. Ya ce ba zai iya ɗora wannan suna a kantarsa ba ko da kyauta ne, amma ya ga kayan kuma ya ga mai kayan. Ya ba ta mako guda ta dawo da wani sunan.

"Sai dai Hajiya, wancan bawan Allah, ko wurin ajiye motoci kada ya zo."

Da yammar ranar Yaya da matar Darakta suka zauna da waya a tsakar gida. Suka rubuta wa manhajar: sabulun wanka mai ƙamshin lemun tsami. Ta kawo sunaye, suka zaɓi Sanyin Safiya, alamar kore ce, suka danna yi rajista suka biya nan take. Shayin da suka zuba bai huce ba aka gama.

Saura sitika dubu uku da ke manne a jikin kaya. Yaya ta ce wanda ya liƙa shi zai ɓare. Ta sa aka fitar masa da kujera 'yar tsugune da bahon ruwan ɗumi a ƙofar gida, ta bakin titi, wai a ciki babu haske.

Ranar Litinin yana zaune yana kankara da farce, duk wanda ya wuce sai ya tambaye shi ya jiki, sai ga Mai Feshi da sabuwar riga mai rubutu gaba da baya. Yaya ta sallama masa rigunan da ƙyallen tallan, tunda adireshinsa ne a jiki.

"Darakta, godiya na zo yi. Tun shekaranjiya wayata ba ta huta ba. Duk wanda ya ga bidiyon sai ya shiga shafin."

Darakta bai ɗago ba.

"Kuma 'yan ƙungiyarmu ta masu feshi sun ce in roƙe ka. Suna so ka zo ka yi musu lacca kan yadda ake samo suna."

Farcen ya tsaya. Kafaɗun da suka kwana biyu a sunkuye suka fara miƙewa.

"Su nawa ne?"

"Za su kai arba'in."

"Akwai makirufo?"

"Za a nemo."

Darakta ya yi gyaran murya, ya share hannu a wando, ya saci kallon Yaya da ke tsaye a bakin ƙofa da wani kwalin sabulu a hannu.

"Je ka mana, Auta," in ji ta. "Ni da ka yi wa aiki, sabulu nake sayarwa, ka tashi da madara. Su kuwa ka san abin da suke sayarwa."

Ta dire kwalin a gabansa ta koma ciki.

Darakta ya dubi tankin da ke bayan Mai Feshi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya ce a gaya wa 'yan ƙungiya jadawalinsa ya cika a wannan watan, ya sa hannu a kwali ya ɗauko sabulu na gaba.